Kurakuran da Masu Ɗaukar Kiɗa Suka Fi Yi da Makirufo Biyu

Idan kiɗan da aka ɗauka a biki ya fito siriri, ba kauri ba armashi, masu ɗaukar sauti a Gusau da Kauran Namoda sai su ɗora laifin a kan makirufo, su ce na jabu ne. Galibi makirufon lafiyarsa lau, ajiye shi ne ba a iya ba.

Babban kuskuren shi ne a kafa ɗaya can gefen masu kalangu, ɗaya can wajen 'yan amshi, wai don sautin ya yi faɗi. A hedifon kam zai burge ka. Amma sauti tafiya yake yi, kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka bugun kalangu ɗaya yana isa makirufon kusa kafin na nesa. Su kuwa masu sauraronka, yawancinsu a ƙaramar waya mai lasifika ɗaya za su ji, inda ake haɗe hagu da dama wuri guda. Nan wani sashe na sautin ke cinye wani, sai ka ji ganga kamar ana buga kwali. Maganin shi ne tsarin XY: haɗa kawunan makirufon biyu, ɗaya a saman ɗaya, su buɗe digiri 90, kamar yadda aka ƙera kan rakodar Zoom H1n. In kana son faɗi kaɗan, akwai ORTF na gidan rediyon Faransa, tazarar santimita 17 da buɗewar digiri 110. Da ruwan awo ake yinsa, ba da ƙiyasin ido ba. Kafin ka tura wa mai biki ta WhatsApp, mayar da aikin mono, wato ka haɗe hagu da dama wuri guda, ka saurara.

Sai rashin sanin ta ina makirufo yake ji. Irin su Shure SM58 gaba suke ji, ƙeyarsu kurma ce, to ka juya ƙeyar ta kalli janareta ko lasifika. Mawaƙin da ke dunƙule kan makirufo da tafin hannu yana toshe wannan baiwar, shi ya sa ƙara ke tashi ta cika kunne. Mai jin ko'ina kuma bai dace da shagon siminti mai rufin kwano ba, duk amsa-kuwwar ɗakin zai kwaso. Akwai mai jin gaba da baya, gefensa kurma. Guda biyu a gicciye su ne tsarin Blumlein, na injiniyan Ingila da ya yi rajistar dabarun sitiriyo, wato sauti mai hagu da dama, a 1931. A zaure mai tsit yana da daɗi ƙwarai, amma a filin biki guɗar da ke bayanka za ta shiga daidai da kiɗan.

Makirufon situdiyo mai tsayuwa, ta gefen da tambarin kamfani yake ake rera masa, ba ta samansa ba. Wannan kuskuren ya fi yawa fiye da yadda ake zato.

In kowane ɗan amshi da nasa makirufo, tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta ninka ta baki zuwa makirufo sau uku. Na sitiriyo kuma su zama iri ɗaya, ƙarfinsu a mikisa daidai, in ba haka ba mawaƙin zai karkata gefe guda. Aikin waje, kamar bakin ruwa a Argungu lokacin iskar hunturu, soso kaɗai ba ya isa, sai an sa wa makirufo rigar nan mai gashi.