Tafiyar mota kai kaɗai daga Kano zuwa Legas: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Mutum ya samu hutu, ya ce bari ya ɗauki motarsa shi kaɗai ya ratsa ƙasa, ya gaida abokan makaranta a Abuja da Ibadan, ya kuma kashe ƙwarƙwatar idonsa a hanya. Niyya ce mai kyau. Amma yawancin irin wannan tafiya tun daga gida take lalacewa, wajen lissafin lokaci, kuma kusan duk kuskuren da za mu ambata a nan wuri ɗaya yake kai mutum: magariba ta same shi a daji, babu mai karɓar sa tuƙi.

Kuskuren farko shi ne yarda da awannin da taswirar waya ta nuna. Taswira ba ta san shingen bincike ba, ba ta san inda aka haɗe hannu biyu wuri ɗaya saboda aikin titi ba, ba ta lissafa salla da cin abinci da layin gidan mai. Ka yi lissafinka a kan kilomita 60 a kowace awa. Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna ya haura kilomita 400, wato wajen awa 7 ke nan, ka ga ya isa aikin yini guda. Zuwa Legas kuwa ya haura kilomita 1,000, kuma mai son tsayawa ganin wurare ya raba shi kwana uku ko huɗu: Abuja, sai Lakwaja, sai Akure ko Ibadan, sannan Legas. Ka tashi bayan gari ya waye, ka sa a ranka ƙarfe 4 na yamma kana cikin garin da za ka kwana. Awa biyun da suka rage kafin duhu na faci ne da cunkoso, kada ka kashe su tun a takarda. A duba kalanda kuma, domin wasu jihohi, har da Kano, suna hana zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata saboda tsaftar muhalli.

Taswirar tana kuma son gajeriyar hanya. Za ta iya nuna maka ta Birnin Gwari zuwa Tegina da Mokwa da Jebba, hanyar da ta daɗe tana fama da 'yan bindiga. Kafin ka zaɓi hanya, ka je tasha ka tambayi direbobin da suka biyo ta jiya. Su ne suka san inda gada ta karye da inda ba a bi bayan la'asar. Da damina a ƙara tambaya game da Kotonkarfe, don ambaliyar 2012 da ta 2022 duk sun datse hanyar Abuja zuwa Lakwaja, motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Sai mota. Mutane da yawa suna kai ta gareji ana gobe tafiya, bakanike ya kwance birki ko ya canza fanbel, washegari a hau babban titi da aikin da ba a gwada ba. A yi juye da sauran gyara mako guda kafin ranar, a yi ta yawo da ita cikin gari, abin da bai ɗauru ba zai nuna kansa kusa da gida. Taya kuma ba a duban zanenta kawai. A gefenta akwai lamba huɗu, misali 2321, ma'ana an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki, ko da zanenta bai cinye ba, domin roba tana bushewa, kuma zafin kwalta ne yake fasa ta. Iska a auna ta da safe taya na sanyi, a bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Kada a bar mai faci ya auna da bugun ƙarfe. Safaya ita ce aka fi mantawa: a sauko da ita, a duba iskarta, a gwada jak, a tabbatar sifanar ta dace da notin da ke jikin motar. Ka ɗauki galan ɗin ruwa, da litar baƙin mai, da tocila, da igiyar ja. Idan allurar zafi ta hau, ka gangara gefe ka kashe inji, kada ka taɓa murfin lagireto sai ya huce kamar rabin awa, in ba haka ba tafasasshen ruwa zai watso maka a fuska.

Takardu a haɗa su a jaka ɗaya kusa da hannu: lasisin tuƙi, lasisin mota, inshora, shaidar lafiyar mota, shaidar mallaka, da izinin baƙin gilashi in akwai. A but kuma a samu abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. A shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, ka yi gaisuwa, ka bar gardama. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce.

Mai kada ya sauka ƙasa da rabin tanki. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci fiye da lita 100 zuwa kawai, ka ƙara kwata a kai saboda ratse da cunkoso. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin na'urar POS takan rasa sabis daidai lokacin da ake buƙatarta.

Barci shi ne abokin gabar mai tafiya shi kaɗai, kuma goro da shayi da lemon ƙara kuzari jinkirta shi kawai suke yi. Alamarsa ita ce ka farga ba ka tuna ƙauyen da ka wuce yanzu ba, ko ka ji tayarka ta taɓa gefen titi. Ka tsaya duk bayan awa biyu, a gidan mai ko cikin gari inda akwai jama'a, ka taka ƙasa, ka wanke fuska. Tuwo ko sakwara da rana tsaka suna kawo gyangyaɗi, a bar su sai an sauka. Kada kaɗaici ya sa ka ɗauki fasinjan da ba ka sani ba.

Ziyarar abokai ita ce zuciyar tafiyar, ita ce kuma ta fi cin lokaci. Ka ce za ka leƙa aboki a Kaduna na minti talatin, sai ya ce wallahi ba ka tafiya sai an sauke abinci, a kai ka ka gaida mahaifiyarsa, a kira wani abokin ya zo. Kafin ka ankara an yi la'asar, ga Abuja da saura. Laifin ba nasa ba ne, karamci ya yi. Gyaran shi ne a ajiye ziyara a garin da za a kwana, ba a tsakiyar yini ba. In dole ne a tsaya, ka faɗa masa tun a waya: “Alhaji, ƙarfe 1 zan wuce, hanya ce a gabana,” kuma ƙarfe 1 ka miƙe.

Saukar ba-zata ma kuskure ce. Wanda ka sani yana gwauro a Sabo ta Ibadan wataƙila yanzu yana da iyali a ɗaki biyu, kunya ba za ta bar shi ya ce babu wuri ba. Ka sanar da shi mako guda kafin zuwa, ka ce ka riga ka nemi masauki, in ya dage ka sauka wurinsa, to. Ka tambayi inda mota za ta kwana. Kwana biyu ya wadatar, na ukun nauyi ne a kan mai zuwa aiki. Tsaraba a zaɓi mai jure zafin but: kilishi, dabino, dakuwa, yajin daddawa. Fura da nono ba sa kai Lakwaja lafiya.

Wuraren kallo kuma kowanne da lokacinsa. Dutsen Zuma a bakin titi yake kafin shiga Abuja, minti goma ya isa, amma a sauka daga kwalta gaba ɗaya kafin a fito da waya. Magangarar ruwa ta Gurara, da ake ratsewa ta hanyar Suleja zuwa Minna, da damina ruwanta yake cika ya yi ruri, a lokacin kuma duwatsun suna da santsi, kada mai tafiya shi kaɗai ya shiga wanka. A Lakwaja ka hau Dutsen Patti da safe ka hango inda Neja da Binuwai suka haɗu, sai dai da hunturu hazo kan rufe shi. Magangarar ruwa ta Erin-Ijesha, tsakanin Akure da Ilesha, hawa ne a kan matakala da duwatsu, yana son takalmi mai kama ƙasa da rabin yini. Wuri ɗaya a rana ya isa. Kada a ɗauki hoton shinge ko bariki, mutane kuma a nemi izininsu.

Hotunan ka riƙe su sai ka bar wurin kafin ka sa a Facebook. Mutum ɗaya a gida ya san hanyarka da lambar motarka, ka kira shi in ka tashi, ka kira in ka sauka, ku yi da shi tun farko wa zai nema idan ƙarfe 6 ta yi bai ji ka ba. Ka riƙe layin waya biyu na kamfani daban-daban da cajar mota.

Shiga Legas kuma a yi shi da hantsi. Ka kiyayi layin da aka keɓe wa manyan motocin bas na BRT da titin da ake bi hannu ɗaya, jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, suna kama mota a kan su, kuma baƙunta ba hujja ba ce a wurinsu. Mafi sauƙi ka ajiye motar a gidan mai masaukinka a Agege ko Idi-Araba, ka zaga gari a motar haya.