Darasi na Bakwai: Tallafin Gwamnati ga Mata Masu Kasuwancin Ƙetare Iyaka

Mata sun daɗe suna kai kaya da komowa tsakanin Jibiya da Maraɗi, Illela da Birnin Ƙonni, Kamba da Gaya, Kwangwalam da Matamai. Wata ta kai atamfa da robobi, ta dawo da aya, dabino ko cuku. Yawancinsu da jarin adashi suke juyawa, ba rajista, ba asusun banki na sana'a, ba littafin ciniki. Shi ya sa idan aka yi shelar tallafi a rediyo, sai labari ya wuce su. Ofishin da ke raba tallafi bai san ki a kasuwa ba, takardarki kawai yake gani. Kuma takarda ba a haɗa ta ranar da aka yi shela, tun kafin nan ake tanadinta.

Ba kowane tallafi ne kyauta ba

Da farko ki tambaya: wane iri ne? Akwai kyautar jari, wadda ba a biya, amma ana bin sawun yadda aka kashe ta. Akwai rance mai sauƙin ruwa, kamar wanda Bankin Masana'antu, BOI, da bankin NEXIM mai kula da masu fitar da kaya ke bayarwa. Akwai horo da kai mutum baje koli. Sannan akwai sassaucin kuɗin fito a bakin iyaka, wanda ba kuɗi ake miƙa miki a hannu ba, kuɗinki ne ake bar miki a jaka.

Rikicin da aka fi samu shi ne a ɗauki rance a matsayin kyauta. Shirin TraderMoni, da ya ba ƙananan 'yan kasuwa naira 10,000, rance ne, amma da yawa sun ɗauka rabon gwamnati ne. Yanzu bankuna na duba tarihin bashin mutum ta lambar BVN, don haka ƙaramin bashin da aka yi wa riƙon sakainar kashi na iya toshe babba.

Idan rance ne, tambaya ta biyu ita ce: ruwan na wata ne ko na shekara? Ga misali. Kin karɓi naira 500,000 a kan kashi 10 cikin 100 a shekara, ruwanki naira 50,000 ne. Idan kuwa kashi 5 cikin 100 ne a kowane wata, naira 25,000 ke nan sau 12, wato naira 300,000. Biyar ta fi goma daɗin ji a kunne, amma a nan ta ninka ta sau shida. Wadda ba ta mu'amala da ruwa ta nemi bankin da ba ya ta'ammali da shi, irin su Jaiz da TAJ, ta tambayi tsarin da banki ke sayen kaya ya sayar mata da riba sananniya.

Ƙofofin da ake da su

A Najeriya, hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki, NEPC, ita ce babbar ƙofa. Tana ba da takardar shaidar mai fitar da kaya, tana horarwa, kuma ta hannunta wasu shirye-shiryen ƙasashen waje ke shigowa. Misali shi ne asusun WEIDE na dalar Amurka miliyan 50, wanda Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, da cibiyar ciniki ta ƙasa da ƙasa, ITC, suka ƙaddamar a Abu Dhabi a watan Fabrairun 2024, don mata masu sayar da kaya ƙetare ta intanet. Najeriya na cikin ƙasashe huɗu na farko. Dubun-dubatar mata sun nema, aka zaɓi 146 a 2025, da tallafin da ya kai dala 5,000 ga masu tasowa, da dala 30,000 ga waɗanda suka riga suka kafu. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a jingina sana'a da jiran kyauta.

Hukumar SMEDAN tana rajistar ƙananan sana'o'i, kuma shirye-shirye da dama na neman lambarta. Akwai kuma shirin Nigeria for Women, da gwamnati ke gudanarwa da rancen Bankin Duniya: dala miliyan 100 a 2018, aka ƙara dala miliyan 500 a 2023. Shi ta ƙungiyoyin mata masu tara kuɗi da ba juna rance yake aiki, kuma ma'aikatar mata ta jiha ake tambaya. A Nijar, ana yin rajistar sana'a a Maison de l'Entreprise da ke ƙarƙashin majalisar 'yan kasuwa, a karɓi lambar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF.

Takardu, ɗaya bayan ɗaya

Mataki na farko, ki tabbatar sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a katin NIN, a BVN, da a layin wayarki. Wannan ƙaramin abu ya fi komai kayar da mata. A wata takarda an rubuta sunan mahaifi, a wata sunan miji, a wata Hauwa'u, a wata Kulu. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ce, sai ta watsar da takardar. Ki zaɓi ɗaya, ki je a gyara sauran, kuma ki riƙe layin waya ɗaya, don ta nan saƙo zai zo.

Mataki na biyu, rajista. A nan sai an lura sosai. Rajistar sunan sana'a kawai a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana buɗe miki asusun banki, amma NEPC kamfani mai cikakkiyar rajista ko ƙungiyar gama kai take ba takardar fitar da kaya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani, sai dai akwai kuɗin rajista da rahoton shekara-shekara. Ga mai ƙaramin jari, shawararmu ita ce ƙungiyar gama kai. Mata goma ko fiye su haɗu, su rubuta dokokinsu, su zaɓi shugaba, sakatariya da ma'aji, su yi rajista a ofishin gama kai na jiha. Takarda ɗaya ta rufe kowa, mota ɗaya ta ɗauki kayan kowa, kuma mai saye a ƙetare ya fi son wanda zai cika masa lodi.

Ƙungiyoyi kan watse ne a kan kuɗi, ba a kan rashin kasuwa ba. Don haka a buɗe asusu da sunan ƙungiya, a sa sharaɗin sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kafin a cire ko sisi. A karanta lissafi da babbar murya a kowane taro, saboda waɗanda ba su gama iya karatu ba. Kada a sa sunan miji ko ƙane a matsayin mai sana'a don wai ya fi sanin ofis. Shirye-shiryen mata da yawa na sa sharaɗin mace ce ta mallaki fiye da rabin sana'ar, kuma a takardar rajista suke dubawa. Maigida na iya rakiya, yana iya taya cike fom, amma suna ya zama na mai jari.

Mataki na uku, lambar haraji ta TIN da asusun sana'a. Duk cinikin da kika yi, ki bi da kuɗin ta asusun, ko da za ki cire washegari. Masu tallafi kan nemi bayanin asusu na wata shida zuwa shekara. Mai cinikin miliyan da ke ɗaure kuɗinta a bakin zane, a idonsu ba ta da ciniki.

Mataki na huɗu, littafi. Ki sayi littafin rubutu mai kauri, ki ja layi biyar a kowane shafi: kwanan wata, abin da aka saya, abin da aka kashe a hanya, abin da aka sayar, da bashin da ke waje. A layin hanya ki sa komai: kuɗin mota, 'yan dako, la'adar dillali, buhu, abinci, kwana. Rasit kuma a ajiye cikin leda, a ɗauki hotonsa da waya, domin tawadarsa na gogewa.

A bakin iyaka

Tsarin ETLS na ƙungiyar ECOWAS, wadda a Nijar ake kira CEDEAO, ya fara a 1979. Ya ɗauke kuɗin fito daga kayan da aka samar a cikin yankin. Amfanin gona da ba a sarrafa ba, dabbobi, da kayan sana'ar hannu irin su tabarma, faifai da jakar fata, ba sa buƙatar takardar shaidar asali. Kayan masana'anta kuwa sai an yi musu rajista a tsarin, an samo takardar. A kula da abu biyu. Ɗauke kuɗin fito bai ɗauke harajin VAT da kuɗin duba lafiyar kaya ba. Kuma shinkafa ko yadin da aka shigo da su daga Asiya ba kayan yankin ba ne, ko da a Kwatano ko Maraɗi kika saya.

Tsakanin Najeriya da Nijar al'amarin ya canza. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun tafiyarsu da kayansu bisa tsohon tsari kafin a tsayar da sabo, amma a watan Maris na 2025 ƙasashen uku suka sa harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigo musu daga waje. Ita kanta iyakar an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Haka nan ana hana fitar da wasu kaya kwatsam: a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero, dawa, masara da shinkafa, ban da zuwa Mali da Burkina Faso, a Agustan 2025 kuma Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe na wata shida. Saboda haka kafin ki zuba jari, ki je ofishin kwastan, ko duwan a ɓangaren Nijar, ki ji halin da kayanki ke ciki a wannan makon. Kada ki dogara da bakin direba. Kuma kada ki zuba dukkan kuɗin rance a kaya mai saurin lalacewa, kamar albasa ko tumatir, a tafiya ɗaya.

Idan lodi ya girma har ana fitar da shi a hukumance daga Najeriya, ana cike fom ɗin NXP ta hannun banki, a biya kuɗin duba kaya na rabin kashi ɗaya cikin 100. Kayan naira 2,000,000 za su biya naira 10,000. Kuɗin cinikin dole su dawo asusu cikin kwana 180. Amfanin gona na buƙatar takardar hukumar NAQS mai duba lafiyar kayan gona, abincin da aka sarrafa aka ƙulle, kamar man gyaɗa, yaji ko ƙuli-ƙuli, na buƙatar lambar NAFDAC.

Duk kuɗin da kika biya, ki nemi rasit mai hatimi. Barauniyar hanya na iya zama kamar ta fi arha, amma in an kama kaya an ƙwace, ba inda za ki kai kuka, kuma cinikin da ba shi da takarda ba ya shiga cikin shaidar da za ki nuna wa masu tallafi. Ku riƙa tafiya a ƙungiya, da rana. Idan wani jami'i ya nemi abin da bai dace ba ko ya ci zarafi, a rubuta wuri, rana da lokaci, shugabar ƙungiya ta kai ƙara ga babban jami'in wurin.

Ingancin kaya

Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya, saboda ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya da ake zuba wa wake don ajiya. Maganin wannan shi ne buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje: a busar da wake sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya mutu ba tare da guba ba. Gyaɗa da masara kuwa danshi ne maƙiyinsu, yana kawo funfuna mai gubar da ake kira afulatoksin. Zoɓo da riɗi a shanya su a kan tamfol, ba a ƙasa ba, a jera buhuna a kan katako nesa da bango. Samfurin da kika nuna wa mai saye ya zama shi ne ke ƙasan buhu.

Canji da ƙirga

A Nijar da dala ake ƙirga sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce, don haka in an ce miki ɗari, sefa 500 ake nufi, jaka kuma sefa 1,000. A rubuta farashi da lamba kafin a ce an sallama. Sannan ki lura da canji. Mu ɗauka jaka ɗaya naira 2,500 ce, kin sayar da kaya jaka 400 bashi, kina sa ran naira 1,000,000. Kafin a biya ki, jaka ta sauko 2,300, sai ki tashi da naira 920,000. In ribar da kika ƙiyasta naira 100,000 ce, saura 20,000. Ki karɓi kafin alƙalami, ki gajarta wa'adin bashi, kuma tun farko a yi magana da wane kuɗi za a biya.

'Yan damfara

Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi a sa sunanki a jerin masu tallafi, ko ya nemi lambar sirrin katinki ko lambar da banki ya turo miki ta waya, ɓarawo ne. Yawancin shafukan hukumomin Najeriya na ƙarewa da .gov.ng. Saƙon WhatsApp da ke cewa a tura wa mutum goma kafin a samu, a goge shi. Wanda ya taya ki cike fom a shagon kwamfuta, ki biya shi ladan aikinsa, amma lambar waya da imel su zama naki, kuma ya karanta miki abin da ya rubuta kafin ya tura.

Aikin aji

1. Kowace ta kawo katin NIN da takardar banki, malama ta taya ta duba ko sunayen sun yi daidai.
2. Ki ja layi biyar a littafinki, ki shigar da cinikin makon jiya.
3. Nawa ne ruwan naira 200,000 a shekara, in kashi 3 cikin 100 ne a kowane wata?
4. Kin sayar da kaya jaka 150, jaka ɗaya naira 2,400. Nawa ne kuɗinki da naira?