Babi na Huɗu: Shirya Rufin Gida Kafin a Ɗora Farantan Sola

Farantin sola mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki, wani ma ya wuce haka. Masu ƙera shi da yawa suna ba da tabbacin cewa bayan waɗannan shekaru zai ci gaba da ba da kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya fara da ita. Saboda haka kafin a yi cinikin faranti, rufi ya kamata a fara dubawa: shin zai kai wannan lokaci? Idan rufi ya lalace bayan an gama aiki, dole a kwance farantai da wayoyi, a sauke su, a gyara rufin, sannan a sake mayar da su. An biya kuɗin aiki sau biyu ke nan, ga haɗarin fashewar faranti wajen hawa da sauka. Tun ran gini, ran zane.

Dubawa daga ciki

Mutane da yawa waje suke tsayawa su ɗaga kai, su ce rufi lafiya lau. Ciwon rufi daga ciki ake ganinsa. Ku sa kafinta ya shiga cikin silin da rana tsaka da tocila a hannu. Ya fara kashe tocilar ya duba sama. Duk inda haske ya ratso, akwai huda, kuma inda haske ya shiga ruwa ma zai shiga. Sannan ya kunna ta ya bi katako ɗaya bayan ɗaya. Baƙin tabo ko shatin ruwa alamar yoyo ce. Hanyar ƙasa da ta bi jikin katako aikin gara ne. Ya danna katakon da bakin sukurudireba: idan ya nutse ba wahala, katakon ya mutu ko da fuskarsa tana da kyau, sai a canja shi. Idan ƙarafa ne suke ɗauke da rufin, wurin walda za a fi dubawa, don nan tsatsa take fara ci.

Bayan haka a fito a tsaya nesa kaɗan a dubi tsakiyar rufin. Idan ya lotsa ko ya yi ciki, kada a ɗora masa komai sai injiniyan gini ya gani.

Nauyi da iska

Farantin da yake ba da wat 400 yana da tsawon kusan mita 1.7 da faɗin mita 1.1, nauyinsa kuwa kilo 20 zuwa 22. Mu yi lissafi da faranti shida: 6 sau 22 ya ba da kilo 132. A haɗa da ƙarafan da za a ɗaure su a kai. Nauyin yana bazuwa a kan fili mai faɗin murabba'in mita 11 zuwa 12, don haka rufi mai lafiya yakan ɗauka ba gardama.

Abin da ya fi nauyi ban tsoro shi ne iska. Nauyi ƙasa yake danna rufi, guguwa kuwa sama take cira shi. Idan iska mai ƙarfi ta bi ta kan rufi, tana tsotso duk abin da ke kansa, ta kuma shiga ƙarƙashin faranti ta ɗaga shi. Wannan ja ya fi tsanani a gefen rufi, da kusurwoyi, da ƙololuwa. Shi ya sa ake barin tazara daga baki, ba a jera farantai har su leƙo waje.

A nan ne masu aikin gaggawa suke yin ɓarna. Sai su ɗaure ƙarfen faranti a jikin kwano kawai, saboda ya fi sauri. Kwano siriri ne, ba zai riƙe sukuru ba idan iska ta yi ta jijjiga shi shekara da shekaru. Ramin zai buɗe, ruwa ya samu hanya, wata rana faranti ya tashi da kwanon gaba ɗaya. Dole kowane sukuru ya ratsa kwano ya shiga katako ko ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Katakon kuma ya zama a ɗaure yake da bango sosai. Maigida ba ya bukatar ya iya aikin kafin ya tambayi mai aiki: “Wannan sukurun, me ya kama a ƙasa?” Ma'aikacin kirki zai nuna muku, ba zai ji haushi ba.

Kowane rufi da halinsa

A rufin kwano, ana huda ne a kan tudun kwanon, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma kowane sukuru yana da robar da ke toshe bakin ramin. A canja duk fallen da tsatsa ta ci. A maye gurbin ƙusoshin da suka saki. A yi amfani da sukurun da ba ya tsatsa, don idan ƙarafa iri daban suka haɗu a wuri mai danshi, ɗaya yakan cinye ɗaya a hankali.

Rufin tayil yana fashewa idan an taka shi ba a sani ba. Akwai ƙugiya ta musamman da ake ɗaurawa a katako, ta fito ta ƙarƙashin tayil ba tare da an huda shi ba. A tanadi ƴan tayil na canji kafin ranar aiki.

Rufin kankare shimfiɗaɗɗe ya fi sauƙin tafiya a kai, amma shi ma a duba tsaga, da wurin da ruwa ke kwanciya, da indararon da ya toshe. A gama liƙe shi tukuna. Akan kafa farantai a kan ƙafafun ƙarfe masu karkata, a ɗaure su ko a danne su da tubalan kankare masu nauyi.

Idan tsohon rufin asbestos ne, wato fallen rufi mai kama da siminti da ake haɗawa da zaren ma'adini, kada a huda shi, kada a yanka, kada a kankare. Ƙurarsa idan ta shiga huhu ba ta fita, kuma tana iya jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Ga shi kuma yana karyewa da mutum a kansa. Ƙwararru ne suke cire shi, ko kuma a kafa farantan a ƙasa.

Rana da inuwa

Wanda yake arewa da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, kudu farantinsa zai fuskanta. Wanda yake kudu da layin, arewa zai fuskanta. Gabas da yamma ma suna aiki, sai dai wutar takan ɗan ragu. Ƙasar da ke kusa da layin ba ta bukatar karkata mai yawa, amma kada faranti ya kwanta shimfiɗe. A ba shi karkata ta aƙalla digiri 10 don ruwan sama ya gangara da ƙura.

Inuwa kuwa ba a raina ta. Galibi ana haɗa farantai ne a jere, wuta ta bi ta ɗaya ta shiga na gaba. Idan inuwa ta rufe ɗaya, sauran ma sukan ja baya, kamar tiyon da aka taka a tsakiya. Reshen bishiya, tankin ruwa, eriya, bangon maƙwabci, duk suna iya jawo wannan asara. Ku duba rufin da ƙarfe tara na safe, da sha biyu, da uku na yamma, domin a tsakanin nan ake samun mafi yawan wuta. Ku tuna kuma hanyar rana tana sauyawa cikin shekara: inda ba inuwa a watan Yuni, tana iya kaiwa a watan Disamba. Bishiyar da take ƙarama yau ma a sa ta cikin lissafi. Sau da yawa sassabe reshe ko matsar da eriya ya isa, ba sai an sare bishiya ba.

Mutane suna zaton zafi ne yake ƙara wa faranti ƙarfi. Haske yake so, zafi rage shi yake yi. Duk digiri ɗaya da zafin jikinsa ya haura 25 a ma'aunin Salsiyas, wutar takan ragu da abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma a rana mai zafi sai ya taru ya yi yawa. Don haka a bar sarari kamar santimita 10 tsakanin faranti da rufi, iska ta riƙa wucewa. A kuma bar hanyar da mutum zai bi ya wanke su.

Waya da tsaro

Tun kafin ranar aiki a tsai da inda inbata (na'urar da ke mayar da wutar sola irin wadda kayan gida ke amfani da ita) da batura za su zauna: wuri mai inuwa, mai shan iska, wanda ruwa da yara ba sa kaiwa, kuma kusa da rufin, don doguwar waya tana cin wuta a hanya. Waya ta bi cikin bututu, kada ta gogi bakin kwano. A haɗa ƙarafan faranti da wayar ƙasa, wato wayar tsaro da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Wanda yake gidan haya ya nemi yardar mai gida a rubuce. A wasu wurare sai an sami izinin hukumar gine-gine ko kamfanin lantarki.

Faranti ba shi da makunni. Da haske ya taɓa shi ya fara ba da wuta, kuma idan an jera da yawa ƙarfinta yana iya kisa. Haɗa waya aikin mai wuta ne da ya koya. Wanda zai hau rufi kada ya hau shi kaɗai, kada kuma ya hau lokacin ruwa ko iska. Tsani ya zarce bakin rufi da mita ɗaya, kuma a kowane mita 4 na tsayi a janye gindinsa mita 1 daga bango. A taka layin ƙusoshi, don nan ne katako yake.

Aikin gida

Ku auna tsawo da faɗin ɓangaren rufinku da ya fi samun rana, daga ƙasa, ba sai kun hau ba. Ku rubuta a littafi. Idan kowane faranti yana cin murabba'in mita 2, guda nawa wurin zai ɗauka bayan an bar tazara a gefe? Nawa ne nauyinsu idan kowanne kilo 22 ne? Ku zana rufin, ku nuna inda inuwa take da safe da inda take da yamma, ku zo da zanen darasi na gaba.