Yadda za ki raba 'yar uwarki da ƙwayar kwantar da hankali ba tare da kin jefa ta wani halin ba

Bari na fara da gwaggona, don ita ce sanadin da ya sa na zauna na bi diddigin abin nan. Shekarun baya mun je gyara mata ɗaki ana saura kwana kaɗan bikin autarta, ina ɗaga katifa sai ga wata baƙar leda a ƙulle, na kwance, katunan magani ne fal ciki, wasu duk an ɓalle ƙwayoyin, wasu da saura, 'yan mitsi-mitsi ruwan ɗorawa. Diazepam ne, wanda yaran kemis ke ce wa D5. Mace ce fa mai kamun kai, carbi ba ya barin hannunta, ko goro ba ta ci. Ashe tun rasuwar babban ɗanta aka rubuta mata na sati biyu a asibiti saboda ta kasa barci, sati biyun ya ƙare ita kuma ta ci gaba da aiken yaro kemis, tun tana shan ɗaya da dare har ta kai uku huɗu a rana, shekara huɗu kenan babu wanda ya sani. Mu kuma da yake muna ganin gata za mu yi mata sai muka kwashe duka muka zuba a masai, muka ja wa yaran gidan kunne kar wanda ya ƙara karɓar aikenta. Kafin sati ya zagayo hannunta ya fara karkarwa, gumi, ba barci kwata-kwata, ƙarar cokali ma sai ta zabura, ranar walima kuwa ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga mutane na cewa iska ce a kira malam. Ba iska ba ce, mu ne muka jawo.

Kafin na zo kan yadda ake yi, ya kamata ki san daga ina ƙwayar nan ta fito, saboda in kin sani ba za ki kalli matar a matsayin 'yar iska ba. Ba a kanta farau ba, tun kakanninmu na 'yan mata aka yi wannan wasan da matan aure a Amurka.

A 1955 wani kamfani mai suna Wallace ya fito da maganin meprobamate da sunan Miltown, wani likita Frank Berger ne ya gano shi, kuma sunan daga wani ƙaramin gari ne a jihar New Jersey. Kafin shi abin da ake ba mai rashin barci su barbiturate ne, waɗanda in mutum ya ɗan zarce kaɗan sai dai gawa, su ne ma suka kashe Marilyn Monroe a 1962. To sai ga sabon magani ana cewa yana kwantar da hankali ba ya kayar da mutum, ai kuwa aka yi masa caa, kemis-kemis har rubutu suke mannawa a ƙofa cewa Miltown ya ƙare. Zuwa 1957 an rubuta shi sama da sau miliyan 36 a Amurka. Lokacin kuma an gama yaƙin duniya na biyu, mazan sun dawo sun karɓe ayyukan da mata suka riƙe a masana'antu, an gina sababbin unguwanni can bayan gari, miji ya fita da mota tun safe sai dare, ita tana gida da yara uku huɗu, ba uwa kusa ba dangi, ba mai leƙo ta. In ta je wa likita tana cewa ƙirjina na bugawa, ina kuka ba dalili, ba na barci, minti biyar ya rubuta mata ƙwaya ta tafi.

Daga nan kamfanin Roche ya shigo. Wani masanin haɗa magunguna Leo Sternbach ya haɗa Librium aka fara sayarwa a 1960, sai Valium a 1963, wato dai diazepam ɗin da na tsinta ƙarƙashin katifa. Daga 1969 har 1982 babu maganin da likitocin Amurka suka fi rubutawa kamarsa, a 1978 kaɗai an sayar da ƙwaya sama da biliyan 2. Kuma mata sun ninka maza wajen karɓa. Tallan da ake bugawa a mujallun likitoci ne ya fi ba ni haushi, za ki ga hoton mace a tsaye cikin tulin wanke-wanke da tsintsiya fuska a yamutse, wai ga maganinta. Akwai ma wanda aka yi a 1970 kan mace 'yar shekara 35 da ba ta yi aure ba, aka mayar da rashin mijin ciwo. Kamfanin tallan Arthur Sackler ne ya tallata Valium, danginsa kuma su ne daga baya suka fito da OxyContin, maganin rage zafin ciwo mai kama mutum da ya ɗaiɗaita Amurka, kinga abin gado ne.

Asiri ya fara tonuwa ne da matan da kansu suka fara magana. A 1978 Betty Ford, matar tsohon shugaban ƙasa Gerald Ford, ta fito fili ta ce giya da ƙwayoyin likita sun kama ta, ta je aka yi mata magani, a 1982 ta buɗe cibiyarta ta raba mutane da shaye-shaye. A 1979 Sanata Edward Kennedy ya jagoranci zama a majalisar dattawa kan Valium inda mutane suka zo suka faɗi yadda suka kasa bari. A Ingila kuma a 1988 hukuma ta ce kar a ba da irin magungunan nan fiye da sati 2 zuwa 4. Wannan ƙa'idar har yau ita ce, ki riƙe ta.

Yanzu ga abin yi. Farko ki san takamaimai me take sha, kar ki tsaya a “maganin barci ne”. Ki ɗauki katin ki juya bayansa ki karanta, ko ki ɗauki hoto a waya. Diazepam, bromazepam da aka fi sani da Lexotan, lorazepam, alprazolam, flunitrazepam, duk 'yan gida ɗaya ne, ana ce musu benzodiazepine, kuma in kin lura yawancinsu da “pam” ko “lam” suke ƙarewa. Shi flunitrazepam ɗin shi ne rochi da kike ji a bakin matasa, sunan ma daga kamfanin Roche ɗin nan aka samo shi. Ki duba miligiram nawa ne, guda nawa take sha a rana, tun yaushe, sannan abu mafi muhimmanci, da me take haɗawa. In akwai kodin ko tiramol a ciki to maganar ta canza, domin duka suna rage numfashi, haɗa su ne ke sa mutum ya kwanta barci ya zarce. Tun da gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 bai ɓace ba, tsada kawai ya ƙara, don haka ki tambaya kar ki ɗauka babu.

Yadda za ki tambaya kuma shi ne rabin aikin. Kar a yi taron dangi a kanta, kar kishiya ta ji, kar a fara da “ke yanzu ba ki ji kunya ba”. Ki same ta ku biyu, bayan isha'i ko da hantsi in gida ya yi shiru, ki ce Gwaggo na ga maganin nan, tun yaushe barcin yake gagarar ki? Ki fara da barcin, da damuwar, ba da ƙwayar ba. In ta ce ɗaya take sha, ki amsa da to, kar ki ƙaryata ta, gaskiyar lissafin za ta fito a hankali in ta ga ba tona mata asiri kika zo yi ba. Tawa gwaggon sai da aka yi zama na uku sannan ta faɗi huɗu.

Sai babbar doka, wadda mu muka karya: kar ki ƙwace, kar ki zubar, kar ki sa ta rantse da Alƙur'ani cewa daga yau ta daina. Dalili kuwa, a ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari GABA wanda aikinsa kamar birki ne, shi ke lafar da jijiyoyi. Ƙwayar nan ƙara wa birkin ƙarfi take yi. In an daɗe ana sha sai ƙwaƙwalwa ta saba, ta sassauta nata birkin tunda ga mai taka mata, shi ya sa ɗaya ke daina isa a koma biyu. Ranar da kika cire ƙwayar gaba ɗaya kin bar mota a gangara ba birki kenan, sai faɗuwar gaba, karkarwa, jin kamar ƙasa na motsi, gane-gane, wani lokacin jijjiga irin ta farfaɗiya wadda kan iya kisa. Diazepam kuma yana daɗewa a jiki, kwana biyu ukun farko za ki ga kamar lafiya lau har ki ce ai kin gani ba komai, sai daga baya abin ya taso. Ko sati uku zuwa huɗu kawai mutum ya yi yana sha kullum jiki na iya sabawa, ba sai an shekara ba.

Don haka likita za ku je, kuma ku tafi da katin maganin a hannu. In da hali a ga likitan ƙwaƙwalwa. Na san da an ce Dawanau a Kano ko Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato sai mutane su ce ai ba hauka take ba, to ba sai mahaukaci ke zuwa ba, kuma manyan asibitocin koyarwa duk suna da sashen, mutum ya ga likita ya koma gida ranar. In kunyar wurin ce za ta hana ta, ku fara da likitan da ke duba ta hawan jini ko suga, shi zai tura ku. Abin da likita zai yi shi ne ragewa sannu-sannu, galibi ana cire kamar kashi ɗaya cikin goma duk sati ɗaya ko biyu, in jiki ya ƙi a tsaya a wurin a huta sannan a ci gaba. In wanda ba ya daɗewa a jiki take sha irin lorazepam ko alprazolam wani lokaci sai a fara mayar da ita kan diazepam saboda shi yana sauka a hankali. Wata likita a Newcastle ta Ingila, Heather Ashton, ta yi shekara 12 daga 1982 tana gudanar da asibitin raba mutane da magungunan nan, kuma tsarinta na ragewa a hankali shi ne mutane da yawa ke bi har yanzu. Wata shida, shekara ma, duk ba abin mamaki ba ne, kuma ƙarshen ya fi wuya, 'yan miligiram na ƙarshen nan sun fi na farko cin rai.

Naki aikin a gida: ke ki riƙe maganin da yardarta, ki ba ta na rana ɗaya ko na kwana biyu, ki samu ɗan littafi kina rubuta kwanan wata da abin da ta sha da yadda ta kwana, ranar komawa asibiti ku tafi da shi. A samu reza mai kyau ko abin yanka ƙwaya don za a kai lokacin rabi da kwata. A rage shayi mai ƙarfi da kofi da lemon kwalba mai kafin daga la'asar, goro ma haka. In ta yi tuntuɓe wata rana ta sha fiye da ƙa'ida kar a yi mata terere, a faɗa wa likita kawai. In tana da ciki ko tana shayarwa a faɗa tun zuwan farko, maganin yana bi ta nono ya sa jariri yawan barci da kasa tsotso. In dattijuwa ce a kula da banɗaki da dare, jiri yake sa su su faɗi su karye a ƙugu.

In kuma kika same ta ba ta tashi, kin girgiza kin kira shiru, numfashi sama-sama ko da minshari mai nauyi, leɓe ya canza launi, ki kwantar da ita ta gefe ki nemi mota sai asibiti. Kar a ɗura mata madara ko manja, shaƙe ta zai yi. Haka in ta fara jijjiga, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, kar a cusa cokali a baki.

Wani abu da nake ganin an fi sakaci da shi, kuma shi ne ainihin kuskuren likitocin Amurka na wancan zamanin, shi ne ba wanda ya tambayi matan me ke damunsu. In kin cire ƙwayar kin bar mata abin da ya kai ta gare ta, wata za ta nema. Wata mutuwa ce ba ta gama kuka ba, wata miji ne ba ya mata magana sai faɗa, wata an yi mata kishiya ta wuni tana saƙa da warwara, wata haihuwa ce a jere ba hutu ga ciwon damuwa na bayan haihuwa. Akwai magungunan damuwa da ba sa kama mutum irin wannan kamun, akwai kuma zaman tattaunawa da masana halayya wanda ga rashin barci ya fi ƙwaya aiki in an jure. Addu'a da azkar a ci gaba da su, ba sa hana ganin likita. In mijin mai fahimta ne a sa shi ciki da izininta, in kuma kin san zai mayar da abin gori ko hujjar saki, ki nemi wani babba a danginta tukuna.

Ba kuma cewa nake diazepam guba ba ne, a asibiti da shi ake tsayar da jijjigar yara da ta masu farfaɗiya, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. In ke aka rubuta wa, ki tambayi likita na kwana nawa ne kuma ya za a yi a daina, in ya ƙare kar ki ɗauki tsohon katin ki kai kemis a maimaita miki, kar kuma ki ɓallar wa maƙwabciya biyu don ta ce miki ba ta barci.

Gwaggo wata tara ta ɗauka. Muka mayar da ita islamiyyar matan aure ta safe, ƙanwata ta tura mata jika ɗaya tana kwana ɗakinta, ta koma yin dubulan da alkaki na biki da ta watsar tun rasuwar. Har yanzu akwai daren da sai ƙarfe biyu take samun barci, ta ce in ya ƙi zuwa tashi take ta kunna rediyo ƙasa-ƙasa ta hau tsince shinkafar gobe.