Darasi na 9: Fita silima da iyali, nawa ake kashewa?

Salamu alaikum iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Yau lissafin kuɗi za mu yi da karatun tikiti, amma bari in fara baku labarin abin da ya samu ƙanina ranar yawon ƙaramar sallah, dan shi ya ja hankalina na zaɓo wannan darasin.

An buɗe wata sabuwar silima ba nisa da unguwarsu, yaransa uku suka sa shi gaba da naci wai duk abokansu sun je, matarsa ma ta sa baki tace "Abban Ummi ka kai mu mana ko sau ɗaya ne, ni fa tunda nake ban taɓa shiga silima ba." Ya tambaya aka ce masa tikitin babba naira 4,000, na yaro 2,500, sai ya yi lissafinsa a ka, ya zura dubu ashirin a aljihu yana ganin har canji zai dawo da shi. Ko awa ɗaya basu yi da fita ba sai ga kiransa, murya ƙasa ƙasa dan kar matar ta ji, "Yaya dan Allah ki turo min dubu goma sha biyar, ƙarshen wata zan biya ki."

Toh ku ɗauko biro da littafi mu bi sawun kuɗin nan. Farashin na zagaye su ne dan lissafi ya zo mana da sauƙi, kowace silima da nata, kuma kun san kasuwar yanzu, abin da aka sayar yau ba lallai a same shi haka gobe ba.

Manya biyu, 4,000 sau 2, ya bada 8,000. Yara uku, 2,500 sau 3, ya bada 7,500. A haɗa, 8,000 da 7,500, kuɗin tikiti ya kama 15,500. A nan lissafin ƙanin nawa ya tsaya, kuma daidai ne, bai yi kuskure ba ko na kobo. Abin da ya manta shine silimar ba a tsakar gidansa take ba. Mutum biyar da kayan sallah ba za su tsaya jiran haya ba, shatar adaidaita sahu suka ɗauka 2,500, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin abin hawa ya koma. Kenan kafin su zauna a kujera 18,000 ta tafi, saura 2,000 kacal a aljihu.

Sai ga ƙamshin gugguru, wanda da gangan ake ajiye injinsa a bakin ƙofa inda dole yaro ya bi ta gabansa, kuma yawancin silimu basa barin a shiga da abincin waje, in an ga leda a hannunka sai a ce ka ajiye. Ya sayi babban kwali biyu, 3,000 kowanne, 6,000 kenan. Lemo biyar a 800, 4,000 kenan. Ni abin da ya fi tsaya min a rai kenan wallahi, masarar da ake tuya a bakin titi ko a bakin makaranta a ƙulla maka a leda da ɗan canjin hannunka, ita ce dai aka zuba a kwali mai zane aka ce dubu uku. Amma fa ku sani ba ganganci bane kawai, kuɗin tikiti raba shi ake da masu fim ɗin da masu rarraba shi, ribar gugguru da lemo kuwa ta gidan ce, shi yasa suke matsa mata haka.

Da aka tashi daga kallo ƙaramar ta hango askirim ta fara kuka, in an saya wa ɗaya kuma ai an saya wa uku, 1,000 sau 3, 3,000. Dare ya yi, mai adaidaita yace shi 3,500 zai kai su ko su nemi wani. Mai POS da ya cire masa kuɗin da na tura shi ma ya karɓi ladansa 300.

Yanzu ku jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ku tabbata sifili yana ƙarƙashin sifili, dan nan ne da yawanku kuke zamewa:

tikiti 15,500
adaidaita zuwa da dawowa 6,000
gugguru 6,000
lemo 4,000
askirim 3,000
POS 300

Jimla 34,800. Da naira 200 ya shiga gida. Ku duba ku gani, tikitin da shi kaɗai aka tambaya kafin a fita ko rabin kuɗin bai kai ba. In kuka auna da mafi ƙarancin albashi na ma'aikacin jihar Kano, naira 71,000 da aka amince da shi a 2024, rabinsa 35,500 ne, kenan fitar yamma ɗaya ta kusa cinye rabin albashin wata.

Na san akwai dattawa a ajin nan da suke murmushi, waɗanda suka san tsofaffin silimun Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba, lokacin da ake cika maƙil ana kallon fim ɗin Indiya sama a buɗe, kuma a wancan zamanin ba wurin da magidanci zai kai iyalinsa bane, ko shi kansa in ya je ɓoyewa yake. Wasu ma iyayensu sun basu labarin gobarar silimar El Duniya ta 1951 da ta ci mutum sama da 300, abin da ya ƙara sa mutanen Kano suka daɗe suna ɗari ɗari da silima. Irin ta yanzu mai rufi da na'urar sanyi, wadda miji da mata da yara za su shiga tare, tazo Kano ne da wadda aka buɗe a Ado Bayero Mall da ke Zoo Road a 2015. Shi yasa lissafinta ma sabon abu ne a wajen mu, da can kuɗin shiga kawai mutum yake riƙewa sai na gyaɗa ko rake.

Sai karatun tikitin kansa, dan kar ka tsaya kana miƙa wa yaro ɗan cikinka ya karanta maka a gaban mutane. Za ku ga lokaci an rubuta kamar 2:15 PM. PM daga sha biyun rana ne zuwa dare, AM kuma daga sha biyun dare zuwa safiya har kafin rana ta take, dan haka 2:15 PM ƙarfe biyu da kwata na rana kenan. Za ku ga harafi da lamba a haɗe kamar F7, harafin layin kujeru ne, lambar kuma kujerarka ce a layin, sai ka ƙirga A, B, C har ka kai F, ka nemi ta bakwai. Ga amfanin abacadar da muka sha fama da ita a farkon zango.

A jikin hoton fim ɗin kuma akwai wata ƴar alama da hukumar tace finafinai ta ƙasa take sawa. G na kowa da kowa ne, PG sai da babba a kusa da yaro, in kuka ga 12 ko 15 ko 18 to shekarun da ya kamata mai kallo ya kai kenan. Wannan a duba shi tun kafin a biya, ba sai an zauna an kashe fitila sannan uwa ta fara rufe wa yara ido da mayafi ba.

In an baku rasit ku nemi inda aka rubuta VAT, harajin kaya ne, a Najeriya kashi 7.5 cikin 100 ne tun 2020. Wani wurin yana cikin farashin da aka liƙa, wani wurin sai an ɗora shi a kai, kayan 10,000 sai su koma 10,750. Ba rowa bace ka tambayi mai sayarwa "da haraji ne ko babu?" kafin ya zuba.

Aikin gida. A ce iyalin nan za su sake zuwa da babbar sallah, amma sun ci abinci sun ƙoshi a gida, sun zaɓi kallon 2:15 PM dan su fito da sauran rana mai adaidaita ya dawo da su a 2,500, sun sayi gugguru kwali ɗaya da lemo uku na yara, babu askirim, kuma da kuɗinsu a hannu basu bi ta kan mai POS ba. Nawa za su kashe, kuma nawa suka rage daga 34,800? Bayan nan kowa ya buɗe sabon shafi ya rubuta nasa gidan, manya nawa yara nawa, da kuɗin abin hawa daga ƙofar gidansa zuwa inda iyalinsa suke son zuwa da sallah, ko silima ko gidan zu ko gidan kakanni. A zo min da shi ranar Laraba, kuma dan Allah da hannunku, na san rubutun jikokinku in na gan shi.