Darasi na 9: Katifar iska don baƙin kwana

To jama'a, duk mai zama a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango nan Kumasi ya san yadda ɗakunanmu suke, ciki da falo ne a gidan haya, wani ma ɗaki guda, ga baƙi ba sa yankewa, yau suna gobe aure jibi addu'ar arba'in, 'yan uwa su taso daga Tamale ko Bawku ko Nima su sauka a kanka ko waya babu. Yaro tabarma ta ishe shi, amma gwaggonka mai ciwon baya fa, ka ce ta kwana a siminti? Nan ne katifar iska ke rufa asiri, a hura da dare a sace iskar da safe, falo ya koma falo.

Kafin ku nufi kasuwar Kejetia ko Adum ku fara auna ɗaki, ba ganin ido ba, da tef ko da igiya. A jikin kwali akwai lambobi, kuma tunda mun fara iya karatu kada mai shago ya karanta muku, ku karanta da kanku. Ta mutum ɗaya yawanci faɗinta santimita 99 tsawo 191, ta mutum biyu 137 da 191, babbar kuwa 152 da 203. Ana rubuta nauyin da take ɗauka ma, ƙaramar wajen kilo 136, babbar kamar ninki biyun haka. Sai tudu. Akwai mai kwanciya ƙasa ƙasa wajen santimita 25, akwai mai tashi sama da 40 kamar gado. In baƙinku tsofaffi ne ku daure ku ƙara kuɗi ku ɗauki mai tudun, don tashi daga ƙasa da gwiwar shekara 70 ba wasa ba ne. Ku shafa samanta, mai ɗan laushi kamar karan miski ta fi, zanin gado ba ya zamewa a kai.

Maganar famfo kuma, akwai wadda famfonta ke jikinta sai dai a jona a wuta, da daɗi kam, amma ku duba rubutun jikinsa. Wutar Ghana 230 ce, kayan gwanjo da suka fito daga Amurka kuwa yawanci 110 ko 120 ne, kana jonawa sai ƙauri. Kuma ko mai wuta kuka saya ku ajiye ƙaramin famfon hannu ko na ƙafa saboda dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba ya tambaya ko kana da baƙo. Hurawa da baki kam ku manta, jiri zai kwashe ku kafin ta yi rabi.

Ni na taɓa cin kunyar abin nan. Ranar da kawuna ya iso ranar na sayo, na hura ta tam kamar ganga, da asuba na leƙo na tarar da shi ya nutse a tsakiya gefe da gefe sun tashi, sai ya ce min "ɗana, wannan gado ne ko kwalekwale?" Ashe ba hujewa ta yi ba, sabuwar roba ce, kwana biyu ukun farko tana miƙewa sai ta yi laushi, ga sanyin dare da ke sa iskar ciki ta ƙanƙance, balle lokacin hunturu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku hura ta tun kwana biyu kafin baƙo ya zo, in ta saki ku ƙara, kuma kada a cika ta har ta yi tauri kamar dutse, ɗinkin ciki ne ke ballewa ta yi ƙusumbi, wannan kuwa ba ya gyaruwa.

A share ƙasa tas a shimfiɗa tabarma ko tsohon bargo tukuna, tsakuwa ɗaya ta isa. A nisanta ta da kurfoti da dutsen guga da maganin sauro na kunnawa. Yara kuwa, hmm, suna ganinta sai tsalle, a tsawatar tun farko. Jariri kada a kwantar da shi a kai sam, tana lotsawa fuskarsa na iya nutsewa ya kasa numfashi, wannan ku gaya wa maijego ko ranta zai ɓaci.

In ta huje fa? Ku fara duba murfin bakin, sau da yawa shi ne bai zauna ba. In ba shi ba ne a hura ta, a kaɗa ruwan omo a shafa da soso kaɗan kaɗan ana dannawa da tafin hannu, inda kumfa ke tsirowa tana kumbura nan ne, a zagaye wurin da biro. A sace iskar, a goge ya bushe ƙarau, a manna facin da ya zo cikin kwali, a ɗora abu mai nauyi a bar shi ya kwana. Shi ya sa ba a yar da 'yar ledar facin nan tare da kwali.

Baƙo na tafiya a goge ta da tsumma mai ɗan danshi, ta sha iska a inuwa ba a rana ba, damshin Kumasi kun san shi da fumfuna. A ninke ta sakwa sakwa a sa a jaka, a ɗora can saman wadirof inda ɓera ba ya kaiwa.

Aikin gida: kowa ya auno tsawo da faɗin filin da ke falonsa bayan an ture kujeru, ya rubuto da lambobi, ranar Asabar mu ga wace katifa za ta shiga ɗakin wa.