Yadda Ake Dasa Bogenbiliya Har Ta Lulluɓe Katanga da Fure

Bogenbiliya ita ce fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katangar gidaje, ta cika ta da launin ja, shunayya, ruwan goro ko fari a lokacin rani. Asalinta Kudancin Amurka ne, musamman Burazil, shi ya sa take son rana, sanyi mai tsanani kuma yake ƙona ta. Abin nan mai launi da ke kama da takarda ganye ne. Ainihin furen shi ne ɗan farin da ke tsakiya.

Reshe ake dasawa, kuma farkon damina ya fi. A yanko wanda ya fara ƙwari, kaurin fensir, tsawon santimita 15 zuwa 20. A zage ganyen ƙasa, a bar biyu ko uku a sama. A cika baƙar leda mai huda da yashi kashi biyu, ƙasar lambu kashi ɗaya, a soka rabin reshen, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Saiwa takan fito cikin mako shida zuwa takwas. A dasa da yawa, don ba duka ke kamawa ba, wasu ma gara ce ke cinyewa.

Wurin mayar da ita ƙasa ake yawan yin asara. Saiwarta siririya ce, ba ta jure girgiza. Kada a tumɓuke ta. A tsaga ledar da reza, a sa ta rami da ƙasarta yadda take. Wurin ya samu rana ta aƙalla awa shida, kuma ruwa ba ya kwanciya. Ba ta iya maƙalewa a bango da kanta, sai an ja waya an ɗaure rassan da tsumma, sako-sako.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne ganye shar amma babu fure. Gata ne ya yi mata yawa. Ban ruwa kullum da takin yuriya ko kashin kaji ganye kawai suke ƙara mata. Idan ta kafu, a bari ƙasa ta bushe, sai ganyen ya fara yaushi a ba ta ruwa ta ƙoshi, a sake ƙyale ta. Ƙishirwar nan ce ke sa ta fure. Ta cikin tukunya ma ta fi yi idan tukunyar ta ɗan matse ta.

Fure yana fitowa ne a sabon tsiro, don haka a rage mata rassa da zarar ta gama zubar da shi. A sa safar hannu mai kauri, ƙayarta ba ta da wasa. Idan darɓa (ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan tsiro) ta kama tohon, a jiƙa dakakken ganyen dogon yaro ya kwana, a tace, a ɗiga sabulu kaɗan, a fesa da yamma.